Yadda Malam Gide Ya Yi wa Fulawar Hajiya Noman Masara

A Sheme, duk mai sauran aiki a gabansa ba ya tambayar Malam Gide ya gona. Wanda ya yi kuskuren tambaya da hantsi, sai kiran sallar azahar ya cece shi. Zai ji yadda masarar Malam Gide take goyo tun ba ta kai gwiwa ba, da yadda wani malamin gona ya taɓa tasowa daga Katsina ya tsaya a bakin gonarsa ya cire hula. Babu wanda ya ga malamin gonar, babu kuma wanda ya ga hular, amma labarin ya daɗe a gari har mutane sun gaji da musa shi. Maganar gaskiya, masararsa ba ta fi ta kowa ba, ba ta kuma kasa ta kowa ba. Bakinsa ne kawai ya fi gonar faɗi.

Matarsa ta rasu da 'yan shekaru, 'ya'ya sun kama gabansu, gida ya rage daga shi sai yayarsa Hamida, wadda take yi masa tuwo tana kuma gaya masa gaskiya, duka biyun da zafinsu. A bana ne zuciyarsa ta sauka a Ƙanƙara, a gidan Hajiya Fatsuma, wata bazawara mai sayar da atamfofi a cikin gida. Hajiya mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana, wannan kuwa ya yi wa Malam Gide daidai domin ba ya son mai katse shi. Kada dai a zalunce shi, son gaske yake yi mata. Kaɗaici ya ishe shi, kuma duk ranar da ya dawo daga wurinta har waƙa yake yi a kan babur. Abin da ya rage kawai ta ce ta amince, ita kuma kullum sai ta ce a dakata.

Wata rana da damina ta yi nisa, ya je zance ya tarar da ita a zaure da wata tukunyar ƙasa mai fenti a gabanta.

“Malam Gide, gobe zan tahi Sabuwa,” in ji ta. “Ɗiyata Zulfa ta sauka, aikin asibiti kuma bai bar ta ta zo wanka gida ba. Ni zan bi ta, sai an yi arba'in.”

“Masha Allahu, Allah ya raya. To maganata hwa, Hajiya?”

“In na dawo za ka ji amsa. Amma ga amana zan bar maka.”

Ta turo tukunyar gabansa. Wata fulawa ce mai yaɗo, ganyenta mai faɗi da ɗan tsini, kore ne amma da zane-zanen rawaya da fari a jikinsa. Zulfa ce ta kawo mata ita daga Kaduna a shekarar da mijin Hajiya ya rasu, don ta riƙa ɗebe mata kewa. Wai a Turance fotos ake ce mata, amma Hajiya “'yar ɗakina” take kiranta, kuma tun tana 'yar mitsitsiya take rainonta har ta zagaye taga.

“Ba ta son rana, ba ta son ruwa da yawa,” in ji Hajiya. “A inuwa za a aje ta, sai ƙasar ta bushe a ɗan zuba mata. Shi ke nan, ba ta buƙatar komi.”

Sai dai a daidai lokacin Malam Gide ya riga ya shiga labarin shekarar da ya noma kabewar da sai da aka sa amalanke. Daga cikin bayanin Hajiya gaba ɗaya, kalma biyu ne suka sami ƙofar shiga kunnensa: rana da ruwa.

“Hajiya, ki kwantar da hankalinki,” ya ce yana dukan ƙirji. “Ni in na soka taɓarya a ƙasa, sai ta yi ganye.”

Ya ɗaure tukunyar a bayan babur ya kamo hanyar Sheme. Bai zarce gida ba, sai da ya tsaya a majalisarsu ta gindin bishiyar bedi, inda manoman unguwa suke hutawa bayan la'asar. A nan ya tarar da Mani, taubashinsa, wanda tun suna yara Allah ya ɗora masa aikin tsokanar Gide, shi kuma bai taɓa yin sakaci da aikin ba.

“Mi ka ɗauko haka, Gide? Miyar yau ce?”

“Jahilci bai yi ba. Fulawar Turai ce, amanar Hajiya.”

“Tana 'ya'ya?”

“A'a.”

“Ana cin ganyen?”

“A'a.”

“Tana maganin basir?”

“Kai wane irin mutum ne? Ba ta yi.”

“To aikin mi take?”

“Ado. A zamna a kalle ta.”

“Ashe dangi aka haɗa,” in ji Mani.

Malam Gide bai kula shi ba. Ya durƙusa, ya ɗaga ganye ɗaya ya haska shi a rana, ya girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

“Ku matso ku ga abin tausai. Kun ga zanen ga na rawaya? Duk manomin kirki ya san shi a jikin masara. Yunwa ce. Baiwar Allah tana zamne da mara lahiya shekara da shekaru ba ta sani ba. Kahin ta dawo zan mai da ganyen ga kore shar, babu tabo ko ɗaya. Ranar za ta san wane ne take ja wa rai. In ban yi ba, ku daina kirana manomi.”

“Mun shaida,” in ji majalisa baki ɗaya, da wani irin sauri da ya kamata ya ba shi tsoro.

Washegari aiki ya kankama. Ya girke tukunyar a tsakiyar gida inda rana take kwana, ya tona ɗan rami a gindin fulawar kamar yadda ake yi wa masara, ya cika tafin hannu da takin yuriya ya zuba ya binne. Ya kawo bokiti ya kwarara. Yana tsaye yana yaba wa kansa sai ya ga ruwa yana tsiyaya ta ƙasan tukunyar. Ya ɗaga ya leƙa, ya ga huji.

“Ka ji sakaci,” ya ce. “Tukunya a huje, taki na gudu, yaushe abu zai yi ƙiba?”

Ya sami tsumma da leda ya toshe hujin tam. Yaya Hamida tana bakin murhu tana kallonsa.

“Gide, mai abin ba ta hwaɗa maka yadda ake yi ba?”

“Ta hwaɗa, Yaya. Rana da ruwa.”

“Ka tabbata haka ta ce?”

“Da kunnena na ji.”

“Shi ne abin da ya tada mani hankali,” in ji ta, ta ci gaba da tuƙinta.

Safe da yamma yana ba ta ruwa, ranar da aka yi ruwan sama ma sai ya ƙara mata, wai na sama ba ya da tabbas. Ba a jima ba kuwa zanen ya ɓace kamar yadda ya yi alkawari, domin ganyen gaba ɗaya ya koma rawaya, gefensa ya ƙone. Na ƙasa suka fara saki suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Malam Gide ya tsince su ya zuba a aljihu, ya sanar da majalisa cewa magani ya fara aiki, tsohon ganye ne yake ba sabo wuri.

Da sabon ya ƙi zuwa, sai ya gane cewa yuriya kaɗai ba ta riƙe ciki. Ya ƙara mata takin kamfa. Ya bi da kashin kaji, ya yayyafa toka, ya tara ƙasa a gindinta ya yi mata huɗa har da 'yar kunya. Ƙasar tukunyar ta zama taɓo, wani wari ya fara tashi, ƙudaje suka yi sallama suka zauna. Yaya Hamida ta ɗauke tabarmarta ta koma can bakin rumbu da cin abinci.

Labari ya zaga unguwa, mutane suka fara zuwa dubiya. Mani ne ya jagoranci ayarin farko. Suka yi sallama a ƙofar gida da murya ƙasa-ƙasa, suka shigo a jere, suka tsuguna kewaye da tukunyar.

“Sannu, Gide. Ya mai jiki?”

“Ku tashi ku ba ni wuri.”

“Ta ɗan ci wani abu yau?”

“Ta ci,” in ji Yaya Hamida daga nesa. “Ta ci abin da ya hi ƙarhin kadada guda.”

“Allah ya sa kaffara ne,” in ji Mani, suka shafa, suka fita a jere yadda suka shigo.

Wannan ya harzuƙa Malam Gide. Ya ɗauko lauje ya sassare rassan da yake ganin su ne suke jan cutar, ya dunƙule su ya wurga bayan randar Yaya Hamida, can lungun da rana ba ta leƙawa. Abin da ya rage a tukunya ya zama kamar kan da wanzami ya fara yi wa aski aka kira shi gida.

A ranar ne Hajiya ta bugo waya. Bayan an gaisa, an tambayi mai jego da jariri, ta ce, “Ya 'yar ɗakina?”

“Hajiya, in kin gan ta ba za ki gane ta ba.”

A duk tsawon hidimar nan, wannan ce gaskiya guda da ta fito daga bakinsa.

Ya ajiye wayar gumi yana karyo masa. Ya sake zagaya tukunyar, ya yi nazari mai zurfi, ya yanke hukuncin cewa tsutsa ce a cikin kara, irin wadda take cin zuciyar masara. Ya saɓo famfon feshinsa, ya zuba maganin ƙwari, ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya yi wa 'yar fulawar da ba ta kai kamu biyu ba feshin da zai ishi gona. Sai da ya gama yana wanke hannu ya tuna cewa rabonsa da famfon tun ranar da ya fesa maganin ciyawa a gonar fadama, kuma bai ɗauraye shi ba.

Bayan kwana biyu ya kama karan don ya ga ko da sauran ƙarfi, sai karan ya biyo hannunsa. Saiwar ta yi baƙi ta narke, warin ya kori har ƙudajen. Malam Gide ya zauna daɓas a ƙasa. A karon farko tun da aka fara, tsoro ya kama shi sosai, domin ya san ba fulawa kaɗai ce ta ruɓe a tukunyar nan ba. Ya tuna yadda Hajiya ta shafa ganyen lokacin da take miƙo masa.

“Buga mata waya ka hwaɗi gaskiya,” in ji Yaya Hamida. “Ka ce ta mutu, ka ba ta haƙuri. Mace ce mai hankali.”

“Ni? Manomi kamata in buɗe baki in ce ciyawar ado ta hi ƙarhina? Yaya, ki bar ni in yi tunani.”

“Tunaninka ne ya kashe ta.”

Ya zagaya bayan gida don ya huta da bakinta. A nan ne, yana tsaye yana huci, idonsa ya sauka a kan 'yan kunyoyin dankalin da ya dasa a farkon damina. Ya ƙura musu ido. Ga yaɗo, ga ganye mai faɗi da ɗan tsini, ga shi kore shar babu tabo ko ɗaya, daidai abin da ya yi wa majalisa alkawari. Murmushi ya dawo masa a hankali. Ya juye taɓon tukunyar, tsumman toshiyar ya bi shi bai ma lura ba, ya zuba sabuwar ƙasa, ya haƙo gindin dankali guda har da abin da ya fara tarawa a ƙasa, ya dasa ya danne.

Dankali kuwa ba baƙo ba ne, ya san halin mutanen Sheme. Aka ba shi rana ya ce a ƙaro, aka ba shi taki ya lashe. Kafin a ce me, yaɗo ya cika tukunya ya zubo ƙasa yana neman hanyar zaure.

Malam Gide ya saɓo tukunyar ya kai majalisa, ya dire ta a tsakiya, ya goya hannu a baya. Duk wanda yake gindin bedin nan da dankali aka yaye shi, akwai ma wanda yake da sauran gasasshe a aljihu. Suka dubi ganyen, suka dubi juna.

“Allah mai iko,” in ji Mani. “Ta warke har ta sake dangi.”

“Hassada za ta kashe ka. Ina masu cewa ba zan iya ba?”

“Wa ya isa? Gide, ranar da za ka mai da ita, don zumunci ka tahi da ni. Ni zan riƙe maka.”

Babu wanda ya ƙara ko kalma, domin a Sheme ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Abin mamakin shi ne, da aka kwana biyu shi kansa Malam Gide ya fara yarda da labarin. Har yakan tsaya a gaban tukunyar ya ce wa Yaya Hamida ta dubi yadda kulawa take canza halitta.

Da aka yi arba'in Hajiya ta dawo Ƙanƙara. Mutum mai hankali da ya lallaɓa shi kaɗai da yamma, ya ajiye tukunyar a zaure ya yi addu'a. Malam Gide kuwa aikawa ya yi a gaya wa yayan Hajiya, Alhaji Abdulgafar mai sayar da hatsi, cewa yana tafe karɓar amsa, kuma yana so manya su shaida wani abin mamaki. Ya saka babbar rigarsa ta Idi, ya kafa hula. Mani ya hau bayan babur ya rungume tukunya, yaɗo yana kaɗawa a iska. Rabin majalisa suka biyo su a kan baburansu, kowa da man da ya saya da kuɗinsa, abin da ko ɗaurin aure ba su cika yi wa ba.

Suka tarar da ƙofar gidan a cike. An shimfiɗa tabarmi, Alhaji Abdulgafar da dattawan unguwa suna zaune, mata masu zuwa barka suna shiga suna fita. Aka gaisa. Hajiya ta fito bakin zaure da mayafinta ta tsaya. Malam Gide ya karɓi tukunyar ya ajiye a kan dakali a gaban jama'a, ya gyara hannun riga.

“Alhaji, jama'a, ga amana na dawo da ita. An ba ni ita tana hwama da yunwa, jiki duk zane. Ban yi barci ba, ban huta ba. Wani da ya ce abin ya gagara. To ga ta nan, ku duba da idonku. Wanda ya riƙe ciyawa haka, ku auna yadda zai riƙe mutum.”

Alhaji Abdulgafar ya gyara tabarau ya sunkuyo. Ya murza ganye ɗaya a yatsa ya shinshina.

“Malam, ganyen ga kamar na san shi.”

“Haka fulawar Turai take, Alhaji. Tana da kama da kowa.”

“To,” in ji Alhaji, ya koma ya jingina, gemunsa yana rawa.

Hajiya ba ta matso ba. Daga inda take ta ce, “Malam Gide, ina zanen ganyenta?”

“Na warkar da shi, Hajiya.”

“Da shi aka halicce ta. Shi ne kyanta.”

“Haka kike gani saboda kin saba da cutar.”

A daidai nan akuyar Hajiya ta fito daga zaure. Shekara da shekaru akuyar nan tana wuce fulawar a tsakar gida ko kallonta ba ta yi. Yau kuwa tana ɗaga hanci sai ta nufo tukunyar kai tsaye, ta ratsa tsakanin dattawa, ta cafki yaɗo ta fara ja.

“Kai, kul,” in ji Malam Gide, ya damƙi ɗaya gefen.

“Bar ta, Gide,” in ji Mani. “Ta ga ɗan'uwa ne.”

Akuya ta ja, Malam Gide ya ja. Babbar riga ta naɗe masa ƙafa, hula ta yi gabas. Akuya ta ƙara ƙaimi, tukunya ta tuntsure daga kan dakali ta daki dutse ta rabe biyu. Ƙasa ta watse, wani jan dankali mai ƙiba, wanda ya sha yuriya ya ƙoshi, ya gangaro a hankali ya tsaya a gaban takalmin Alhaji Abdulgafar.

Alhaji ya ɗauka, ya kaɗe ƙasar, ya jinjina shi a hannu irin na mai saye.

Malam Gide ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ko a nan bakinsa bai yarda ya mutu shi kaɗai ba.

“Kun gani ko? Shekara nawa tana hannun Hajiya, ta taɓa haihuwa?”

Dariyar da aka daɗe ana dannewa tun daga Sheme ta fashe gaba ɗaya. Wani dattijo ya kwanta a tabarma yana neman a ba shi ruwa. Mata suka leƙo ta kan katanga, Mani ya rungume turken rumfa yana share hawaye. Akuya dai ba ta ɗago ba, tana ta aikinta.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sauko ta tsuguna, ta tsince ɓarin tukunyar guda biyu ta haɗa su a hannunta tana kallo. Da jama'a suka lura, dariyar ta lafa da kanta.

“Malam Gide,” ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, “da ka bugo ka ce ta mutu, da na ce Allah ya sa iyakar wahalarta ke nan, in roƙi Zulfa wata. Abu kaɗan na hwaɗa maka a zauren ga, ba ka ji ba, kana labarin kabewa. Ni ma ka gan ni nan, ganyena ya fara rawaya. Ranar da na ce maka kaina na ciwo, shanya ni za ka yi a rana ka ɗura mani taki. In na mutu ka samo wata mai kama da ni ka dasa a ɗakina, ka kira mutane su taya ka murna. Ka ce kana son amsa a gaban manya. Ka je, na gode.”

Ta juya ta shige da ɓarin tukunyarta. Alhaji Abdulgafar ya miƙa wa Malam Gide dankalin da hannu biyu, ya ce kada ya manta da amfanin gonarsa.

A hanyar dawowa babu waƙa. Ko Mani bai ce komai ba sai da suka shigo Sheme, nan ma cewa kawai ya yi in aka gasa dankalin zai fi daɗi. Malam Gide ya shiga gida jiki a sanyaye, ya zauna a kan turmi da babbar rigarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya san babu wanda ya yi masa sai kansa.

Yaya Hamida ta dube shi ta ga ba ya buƙatar ƙarin faɗa. Ta ce, “Taso ka ga wani abu.”

Ta ja shi bayan randa. A can cikin lungun, inda inuwa take wuni kuma raɓar randa take ɗan jiƙa ƙasa, rassan da ya sare ya wurgar sun kama. Sun yi saiwa, sun fito da sabon ganye mai sheƙi, kore da zanen rawaya da fari, kamar ranar da aka ba shi.

“Yau na gan ta da nake shara,” in ji Yaya Hamida. “Babu wanda ya yi mata komi. Ta samu ka manta da ita ne, ta rayu. Gobe da sahe ka kai mata, ka rufe bakinka, ka ce ka yi laihi. Wataƙila ta saurare ka, wataƙila ta ƙi, amma ita ce damarka ta ƙarshe. Kada ka taɓa ta. Bari in ɗauko gwangwanin da za mu sa.”

“Wallahi ba zan taɓa ba, Yaya,” ya ce, idonsa ya kawo ruwa.

Ta shiga ɗaki. Ya tsuguna yana kallon ganyen, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya matsa kusa. Ya karkata kai ya ƙara duban zanen nan na rawaya, ya daɗe yana dubansa.

Da Yaya Hamida ta fito da gwangwani a hannu, ta tarar da bakin buhun yuriya a kwance, shi kuma yana tsugune yana mayar da ƙasa a gindin fulawar, tafin hannunsa fari fat.

“Ɗan kaɗan ne, Yaya,” ya ce. “Kin san Ƙanƙara da nisa. Kada ta isa gaban Hajiya da yunwa.”